Inji ya mutu mana awa biyu da barin tasha: mu wuce ko mu buɗe tanki?

Sani (Litinin da dare)

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma da gaggawa, domin gobe ake so in ce e ko a'a.

Mu uku ne a jirgin: ni, da mai jirgin wanda shi ne kyaftin, da wani abokinsa. Jirgi ne mai filafilai, tsawonsa mita 12, da injin dizal mai ƙarfin doki 40. Yau da safe muka bar Las Palmas ta tsibirin Gran Kanariya da niyyar zuwa Mindelo a Cabo Verde, tafiyar kusan mil 850 na teku, daga can kuma mu tsallaka Atlantika zuwa Karebiyan.

Da muka fito babu iskar kirki, amma teku bai kwanta ba. Igiyar ruwa tana dukanmu ta gefe, jirgi ya kwanta dama ya kwanta hagu, duk abin da ba a ɗaure ba yana yawo. Muka bar inji yana jan mu. Bayan kamar awa ɗaya da rabi sai na ji muryarsa ta canja. Ya ɗaga da kansa, ya sauka, ya sake ɗagawa, alhali ba wanda ya taɓa totur. Sau uku ko huɗu haka, sai ya yi tsit. Ƙararrawar zafi ba ta yi kuka ba, babu hayaƙi, ruwa kuma yana fita ta salansa lafiya lau har ya mutu.

Kyaftin ya ce filtar mai ce. Muka canja ta farko, muka fitar da iska daga layin mai, ya tashi. Minti 20 ya sake mutuwa. Muka ƙyale shi ya huta, ya tashi ba tare da mun taɓa komai ba, minti 10 ya ƙara mutuwa. Da iska ta taso da rana sai muka juyo. Mil 8 kacal, amma sai da muka yi awa biyar domin iskar a gabanmu take. A bakin tasha muka yi ta ba shi kik har batir ya fara sanyi, ya ƙi. Da filafilai muka shiga muka jefa anka.

Yanzu kyaftin ya ce gobe zai sayo filta goma, jibi mu kama hanya, duk wadda ta toshe mu canja. Ya ce inji na shiga tasha da fita ne kawai. Ni hankalina bai kwanta ba. Jirgin ya yi wata 14 a ɗaure kafin wannan tafiya, da man da ke cikinsa.

Nura

Wa alaikumus salam. Ni ina bayan kyaftin. Iskar arewa maso gabas ce za ta tura ku har Mindelo, kwana shida ko bakwai kun isa. Joshua Slocum ya bar Boston a 1895 ya zagaya duniya shi kaɗai, ya dawo a 1898, babu inji a jirginsa ko na magani. Mun saba da dogaro da makulli ne kawai. Ku ɗauki filtocinku ku tafi.

Baba Ilu

Sani, kafin a yi maganar tafiya, kada kowa ya sake taɓa makullin nan. Amsa min abu uku. Filtar da kuka cire, yaya kamanninta? Me ka gani a kofin gilashin da ke ƙarƙashinta? Sannan kik ɗin da kuka yi ta bayarwa a bakin tasha, bawul ɗin ruwan teku a buɗe yake ko a rufe?

Sani

Baba, filtar tana nan a bokiti, yanzu na haska ta. Ta yi duhu kaɗan amma ba ta cushe ba, ana ganin ninkin takardar sarai. A kofin akwai ruwa kamar cokali biyu a ƙasa da ɗan baƙi-baƙi. Bawul ɗin kuma a buɗe yake, ba wanda ya tuna da shi. Mun ba shi kik ya fi sau goma.

Baba Ilu

To wannan na ƙarshen ne ya fi damuna a daren nan, ba man ba.

Ka ga injin jirgi ba shi da lagireto mai shan iska irin na mota. Ruwan teku yake zuƙowa ta ƙasan jirgi, ya bi ta rariya, famfo ya tura shi cikin tukunyar da ke sanyaya ruwan inji, daga nan ya zuba cikin salansa, hayaƙi ya kora shi waje. Ka lura, hayaƙi ne ke korar sa. In kana ba da kik inji bai tashi ba, famfo yana ta zuba ruwa, babu hayaƙin da zai fitar da shi. Tukunyar salansa ta cika, ruwa ya hau baya ya shiga kan fistan. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Ka murɗa makulli a haka, kwanrod ya lanƙwashe, shi ke nan an gama da injin.

Ga abin da za ka yi yanzu, kada ka bari sai gari ya waye. Rufe bawul ɗin. A ƙasan tukunyar salansa akwai ɗan noti na zubar da ruwa, kwance shi ka tara. Zaro geji ka dubi baƙin mai: in ya yi fari-fari kamar an gauraya da madara, ruwa ya shiga. Sannan ka sa sifana a kan notin fuli na gaba ka juya injin da hannu, a hankali, zagaye biyu cikakku. In ya yi tauri ya wuce, ya sake tauri ya wuce, lafiya ce. In ya tsaya cak kamar ya daki bango, kada ka tilasta shi, ka dawo ka gaya min.

Ni ƙa'idata ita ce, in kik ya haɗa daƙiƙa 30 inji bai kama ba, in rufe ruwa. Da ya kama in buɗe nan take.

Injiniya Kabiru

Baba ya yi gaskiya kan salansa. Kan dalilin mutuwar kuwa, ni ina ganin iska ce ke shiga layin mai. Wannan ɗagawa da sauka da inji ke yi da kansa alamar iska ce tsantsa. Kuma filtar ba ta toshe ba, ashe ba datti ba ne. Ka duba robar murfin filta, sau da yawa in ana canjawa jirgi na rawa sai ta zauna a karkace, ko tsohuwar ta maƙale a ciki a ɗora sabuwa a kanta. Ka bi kilif na kowane tiyo daga tanki zuwa famfon mai. Ɓangaren da ke zuƙa ba ya ɗiga, shi ya sa ba za ka ga mai a ƙasa ba, iska ce kawai ke shiga ta wurin.

Hajiya Bilki

Nura, ƙanena, bari in amsa maka, domin na taɓa tunani irin naka.

Gaskiya ne iska ce ke kai jirgi. Amma ka tambayi Sani me ke cajin batirinsu. In babu sola mai yawa, inji ne. Batirin nan shi ke riƙe da fitilun dare, da rediyo, da na'urar nuna hanya, da na'urar da ke riƙe sitiyari. Mutum uku babu mai riƙe musu sitiyari, ke nan kowa awa takwas a rana yana tuƙi da hannu, jirgi na gudu da igiya a bayansa. Kwana biyu gajiya ta fara sa mutum kuskure.

Wannan ma mai sauƙi ne. Mun taɓa yin gwajin ɗauko wanda ya faɗa ruwa, muka jefa balan-balan ɗin gefen jirgi a iska mai ƙarfi, da rana tsaka, kowa a shirye. Da filafilai kaɗai sai a zagaye na huɗu muka kamo shi, sau biyu kuma ya ɓace mana a tsakanin igiya. Da inji, zagaye ɗaya. Tun ranar na daina cewa inji na shiga tasha ne kawai. A hanyar da su Sani za su bi iska a bayansu take, wanda ya faɗa kuwa a bayansu zai kasance, wato komawa gare shi komawa ce cikin iska. Sani ya gaya mana mil 8 ya ci musu awa biyar.

Slocum ya san ba shi da inji tun kafin ya kwance igiya, ya tsara komai a kan haka. Su Sani jirginsu an tsara shi ne a kan akwai inji.

Nura

Hajiya, na ji batun wanda ya faɗa ruwa, ba ni da ja. Amma ban ce su tafi babu inji ba. Cewa na yi matsalar filta ce kuma filta ana canja ta a minti goma. In aka ce sai komai ya yi daidai ɗari bisa ɗari, ba jirgin da zai taɓa barin tasha. Na san mutanen da suka shekara uku suna gyara, har yau suna ɗaure.

Malam Habu

Nura, tunda tarihi ka kawo, ga wani daga ruwan da su Sani suke ciki. Kolumbus ya bar Palos ta Sifen ranar 3 ga Agusta 1492. Kwana uku da fita, abin juya jirgin Pinta ya ɓalle. Suka ɗaure shi da igiya, ya sake kwancewa. Bai ce a lallaɓa a haka a tsallaka ba. An kai Pinta Gran Kanariya aka gyara, kuma sai ranar 6 ga Satumba suka bar La Gomera suka nufi yamma. Wata guda ke nan a tsibiran.

Kuma lokaci ba ya korar ku. Kakar guguwa ta Atlantika tana ƙarewa ne 30 ga Nuwamba, daga nan har cikin Janairu da Fabrairu mutane na tsallakawa, iskar ma ta fi zama daram a lokacin. Jiragen gangamin ARC, da ke tashi daga nan Las Palmas zuwa Karebiyan duk ƙarshen Nuwamba tun 1986, sun riga sun tafi, don haka masu gyara sun sami sarari. In akwai wurin da ya dace a buɗe tanki a duk hanyarku, nan ne.

Baba Ilu

Injiniya, ban ƙi maganarka ba, iska ta shiga. Amma ka tambayi kanka me ya sa ta shiga. Injin ya yi awa ɗaya da rabi lafiya kafin a taɓa filta, ashe ba robar murfi ce ta kashe shi da farko ba. Sannan ka dubi yadda yake yi: ya mutu, a ƙyale shi, ya tashi da kansa, ya sake mutuwa, kuma kowane karo lokacin na raguwa. Na sha ganin wannan. A cikin tanki akwai bututun da ke zuƙo mai daga ƙasa, wasu ana sa musu 'yar rariyar waya a baki. Jirgi ya yi wata 14 a kwance, laka ta taru a gindin tanki. Kun fita igiya ta kaɗa ta, ta tashi, ta manne a bakin bututun. Famfo na ja, mai ba ya zuwa, sai ya jawo iska ta duk wata mahaɗa mai rauni. Inji ya mutu, jan ya saki, wani abin ya faɗo, mai ya ɗan wuce. Ka tayar, ya sake mannewa.

In haka ne, filta ɗari ma ba za ta yi amfani ba, domin dattin bai kai gare ta ba.

Gwajin ba wuya. Sami jarka mai tsabta da sabon dizal. Cire tiyon da ya fito daga tanki ka tsoma shi a jarkar. Fitar da iska, tayar, sa giya yana jan anka a baya a hankali domin ya ji nauyi. In ya yi awa guda bai yi tari ba, injin da filta sun fita daga zargi, saura tanki.

Injiniya Kabiru

Na yarda, Baba, lissafinka ya fi nawa zama. Ƙari biyu. Sani, kada ka manta da tiyon da ke mayar da rarar mai tanki, shi ma ka sa shi a jarkar, in ba haka ba za ka ga jarka ta ƙare da wuri ka rasa dalili. Sannan ka busa bututun numfashin tanki. In ya toshe, alamunsa iri ɗaya ne da wannan. Kuma ka ɗaure jarkar da kyau nesa da salansa da fambel.

Zainab

Ku yi haƙuri da tambayar mai koyo. Lakar nan daga ina take zuwa, tunda tanki a rufe yake? Gurɓataccen mai aka sayar musu?

Injiniya Kabiru

Malama Zainab, ba lallai ba ne. Ruwa ne tushen abin. Ya fi dizal nauyi, don haka yana kwanciya a ƙasa. A daidai inda ruwa da mai suka haɗu, ƙwayoyin halitta irin su bakteriya da fumfuna suna rayuwa, suna zaune a ruwan suna cin man. Su da kashinsu ne ke zama wannan baƙin abu mai yauƙi. Dizal ɗin da ake sayarwa a Turai yanzu ana gauraya shi da man tsirrai har kashi 7 cikin ɗari, wannan kuwa yana jan danshi kuma ba ya jure dogon ajiya kamar na da. A mota ba a cika gani ba saboda man ba ya daɗewa. Jirgin filafilai kuwa yana iya shekara da tanki ɗaya. Muddin yana ɗaure a ruwa mai kwanciya za ka tayar da inji kullum ya yi ta aiki, ka ce lafiya yake. Sai ranar da ya haɗu da igiya.

Sani (Talata da rana)

Alhamdu lillahi. Baba, Allah ya saka da alheri. Daren jiya na kwance notin salansa, ruwan da ya fito ya kusa cika ƙaramin bokiti. Baƙin mai bai canja ba, injin kuma ya juyu da hannu zagaye biyu. Da safe muka yi gwajin jarka, awa ɗaya da kwata, ko tari bai yi ba. Da jarkar ma muka shigo da jirgin cikin tasha muka ɗaure.

Sai muka zaro bututun. Yana ƙarƙashin gadon baya, sai da na kwanta ruf da ciki da tocila a baki. Noti biyar, na ƙarshen ya ci mini fatar yatsa. Da ya fito, ban ma gane akwai rariya a bakinsa ba. Wani baƙin abu ne ya lulluɓe ta kamar kwalta da ta ji rana, in ka ja shi sai ya miƙe kamar majina, ga wari mai tsami. Na sa bakin tiyo na busa, ko kaɗan iska ba ta wuce ba. Na miƙa wa kyaftin ya riƙe a hannunsa, ya daɗe yana kallo bai ce komai ba.

Baba Ilu

Madalla. Cire rariyar nan ka jefar, kada ka wanke ka mayar. Gara datti ya wuce ya tsaya a filta inda idonka ke gani kuma hannunka ke kaiwa, da ya tsaya a wurin da sai ka ɗaga gado a tsakiyar teku. Amma ruwa ba ya tsami banza. Ta ina ruwan ya shiga tankin? Je ka kan jirgi ka buɗe murfin da ake zuba mai, ka dubi zoben robar da ke jikinsa.

Nura

To ai an gano. A cire rariya, a zuba maganin kashe ƙwayoyin, a ɗauki filta goman. Jibi sai tafiya. Ko har yanzu da saura?

Hajiya Bilki

Da saura, Nura. Maganin yana kashe su, ba ya kwashe su. Gawarsu tana nan, kuma in ta saki jikin bangon tanki sai ta fi da yawa a cikin man. Ka ce canja filta minti goma ne. A tasha, haka ne. Ka gwada da dare, kanka a ƙasa cikin ɗakin inji mai zafi, warin dizal a hancinka, jirgi na jifa da kai, dizal na zuba a hannunka yana sa komai santsi. Mutumin da bai taɓa amai a teku ba ma a nan yake farawa. Kuma ba a lokacin da ka zaɓa take toshewa ba, sai lokacin da igiya ta fi kaɗa tanki, wato lokacin da ka fi bukatar injin. Mashigin Mindelo tsakanin tsibirai biyu yake, São Vicente da Santo Antão, iska na matsewa a wurin ta ƙara ƙarfi. Ba inda zan so inji ya yi min tari ba ne.

Sani

Hajiya, gaskiyar magana matsalata yanzu ba ta inji ba ce. Kyaftin ya yarda bututun ne, amma ra'ayinsa irin na Nura ne. Abokin nasa hutun da ya ɗauka ƙididdigagge ne, ya riga ya sayi tikitin jirgin sama na dawowa daga can. In aka buɗe tanki kwana huɗu ko biyar sun tafi. Ɗazu ya ce da ni, cikin raha dai, wai ko tsoron teku ne ya kama ni. Maganar ta tsaya min a rai. Ni ne ƙarami a cikinsu, ba jirgina ba ne, ba kuɗina ba ne. Shekara biyu ina jiran wannan tafiya, ba na so in zama wanda ya ɓata ta.

Hajiya Bilki

Sani, ɗana, saurare ni. A teku maganar kyaftin ce ta ƙarshe, kuma haka ya kamata. Amma yanzu kuna ɗaure a tasha, a nan kowa yana da ikon cewa zan hau ko ba zan hau ba. Kada ka yi gardama da shi a gaban abokinsa, mutum ba ya son a nuna masa kuskurensa a kan jirginsa da baƙo a tsaye. Ka same shi shi kaɗai. Kada ka ce masa kada a tafi. Ka ce masa, mu buɗe murfin tanki mu haska, in gindinsa fes yake ni ne farkon kwance igiya. Ka ba shi hanyar da zai canja shawara da kansa. Sannan ka ce aikin ƙazantar kai za ka yi.

Batun tsoro kuwa, ka bar shi ya wuce. Kai ne ka ji muryar injin ta canja kafin kowa, kai ne ka kwanta ka zaro bututun. Shi kyaftin ya san haka.

Malam Habu

Ina da tambaya da ba a taɓo ba. Kun shigo babbar tasha mai manyan jiragen kaya babu inji, yamma ta yi. Kun sanar da wani? Dokokin kauce wa karo a teku na 1972 sun ce jirgin filafilai ko wanda bai kai mita 20 ba kada ya tare wa babban jirgi hanya a ƙuntataccen mashigi. Da iska ta ɗauke muku a bakin tashar fa?

Sani

Malam, mun kira masu kula da tashar ta rediyo muka gaya musu ba mu da inji, suka ce mu bi gefe. Anka tana shirye a gaba, ƙaramin kwalekwalenmu kuma yana ruwa da injinsa ko da za a ja. Ba mu yi kiran neman agaji ba domin ba mu ga haɗari ba.

Malam Habu

Kun yi daidai. Don masu karatu: in iska ta mutu kuma ruwa na jan ku zuwa duwatsu ko hanyar manyan jirage, kiran Pan-Pan ake yi a tashar rediyo ta 16, a faɗe shi sau uku. Shi ne na gaggawar da ba ta kai ga rai ba. Mayday na lokacin da rai ko jirgin ke cikin haɗari ne nan take. Mutane na jin kunyar yin na farkon har sai ya zama na biyun. Ƙungiyar ceto ta RNLI a Birtaniya ta daɗe tana faɗin cewa lalacewar inji ce kan gaba a dalilan da ke sa a kira ta wurin jiragen shaƙatawa.

Sani (Juma'a)

Na bi shawarar Hajiya. Mun buɗe. Da kyaftin ya haska da kansa, shi ya fara cewa a kira mai injin tace mai.

An zuƙe kusan lita 180 zuwa durom. Abin da ya rage a gindi ruwa ne, ya fi lita uku, da laka mai kaurin yatsa. Tankin yana da katangu biyu a ciki da ke hana mai tambal-tambal, kuma a bayansu ne lakar ta fi yawa, inda hannu ba ya kaiwa sai da sanda da tsumma. Yini guda na yi a kai. Baba, zoben robar murfin zuba mai ya bushe ya tsage gida biyu, murfin kuma yana daidai inda ruwan sama ke bi in ya sauka a kan jirgi. Wata 14 yana ɗiga a ciki.

Tunda muna nan sai na buɗe famfon ruwan teku in duba imfela, 'yar farfelar robar nan. Fukafukai shida gare ta. Ɗaya babu, biyu sun tsage a gindi. Ga shi kuwa ruwa yana fita ta salansa kamar ba komai.

Baba Ilu

Kada ka sa sabuwa ka rufe sai ka nemo fiffiken da ya ɓace. Bai narke ba, yana gaba. Bi tiyon daga famfo zuwa tukunyar sanyaya ruwa, buɗe murfin bakinta, a nan yake maƙalewa ya toshe ƙananan bututai. Ka haɗa guntayen a tafin hannunka ka ga sun cika fiffike ɗaya. Sabuwar ka shafa mata ɗan sabulun ruwa ko man da ke zuwa da ita kafin ka tura, kada ta juya a bushe. Ka tafi da biyu a ajiye, da fambel, da gasket ɗin murfin.

In hali ya yi, a sa muku filta biyu a jere da hannun juyawa, ɗaya ta toshe ka karkata zuwa ɗayar inji na aiki. A sa kuma agogon da ke nuna ƙarfin zuƙa tsakanin filta da famfon mai. Da kuna da shi ranar Litinin, da kun ga allurar ta tsaya a sama ko da sabuwar filta, da kun san toshewar tana baya.

Abu na ƙarshe, shi ne kuma ba na so a tsallake. Kafin ku nufi Mindelo ku fita gwaji. Ba cikin tasha ba. Ku nemi igiya ta gefe irin wadda ta kashe shi, ku yi awa uku ko huɗu inji na jan jirgi, ku ɗaga totur sosai na minti goma, ku dawo ku dubi kofin.

Nura

Batun imfela ya rufe min baki, wannan da ta watse a hanya da zafi ne zai biyo baya. Amma har yanzu ina nan kan cewa a sa rana a tafi. Bayan gwajin Baba kada a sake nemo wani abin kwancewa.

Injiniya Kabiru

A wannan ina tare da kai, Nura. Duk abin da aka kwance ana iya mayar da shi ba daidai ba, shi ya sa gwajin ya zama na ƙarshe. Bayan shi sifana ta koma akwati.

Sani (Lahadi da dare)

Na samo fiffiken a inda Baba ya ce, gutsure biyu, sun haɗu daidai. An sa filta biyun, agogon ne ba mu samu ba. Yau muka fita awa huɗu, muka gangara kudu wajen filin jirgin sama inda iska ke ƙaruwa, jirgi ya sha jifa fiye da ranar Litinin. Allurar zafi ta tsaya wajen 80 ba ta motsa ba. Da muka dawo na haska kofin, man garau, ɗan baƙi kaɗan a ƙasa wanda bai rufe gindin ba.

Abokin kyaftin ba zai bi mu ba, lissafin hutunsa ya ƙi. Mun rabu lafiya, har ya taya ni ɗaukar jarkoki, amma na ga abin ya yi wa kyaftin ciwo, ni ma bai yi min daɗi ba. Mun sami wata mata da mijinta da suka taɓa tsallakawa sau ɗaya, za su bi mu har Mindelo, mun zama huɗu. In hasashen iska bai canja ba, Talata da safe za mu kwance, in sha Allahu.

Hajiya Bilki

Allah ya kai ku lafiya. Sababbin mutanen nan ka nuna musu bawul ɗin ruwan teku da hannun juya filta tun kuna ɗaure, kowa ya taɓa da hannunsa.

Baba Ilu

Ɗan baƙin da ka gani, zubar da shi ka goge kofin tun yau, domin duk abin da ka gani gaba ka san sabo ne. Kwana biyun farko ka riƙa haskawa safe da yamma. In kun isa Mindelo ka rubuto min abin da ya taru.